Ƙarfen yana zaman zamansa, ni na je na same shi

Akwai wani tabo a saman girata ta hagu, ɗinki biyar ne, in na ɗaure fuska sai wajen ya lotsa kamar an danna farce a jikin sabulu. Duk wanda ya tambaye ni mafarinsa jira yake ya ji labarin faɗa ko hatsarin mota, to da zarar nace masa ai ƙarfe ne na je na ƙuma wa goshi a wajen aiki sai ya kwashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Ni ma dariyar nake taya su yanzu, amma ranar kam ba ta dariya ba ce, don jini sai da ya rufe min ido ɗaya ruf.

A wani babban sito nake aiki lokacin, irin mai dogayen kantocin ƙarfe jere-jere har kusa da rufi, kwalaye a kai, layi bayan layi. Layin ƙarshe can ƙurya yake jikin bango, kuma akwai wani ƙarfe da aka gitta daga kanta zuwa bangon dan ya riƙe ta kar ta rinjayo, wanda ya yi waldar ban san me yake tunani ba amma ya ajiye shi ne daidai goshin mutum mai matsakaicin tsayi, ba sama ba ba ƙasa ba. Fentinsa ruwan toka, bangon ma ruwan toka, kantar ma haka. Fitilar da ke saman layin ta daɗe da mutuwa, da farko ƙyaftawa take yi tana wannan ƙugin nata, muka yi ta cewa za a canza za a canza, ranar da ta mutu gaba ɗaya har wani sauƙi muka ji don ƙyaftawar tana sa ciwon kai. Daga nan shikenan, kowa ya haddace wajen, in ka zo taku kaza sai ka sunkuya. Sabo turken wawa.

Ranar da abun ya faru tsakar rana ce, ina waje wajen lodi ina ƙirga kaya, rana ta ƙwalle tana dukan simintin nan fari tas har sai ka kanne ido, na kai wajen awa ɗaya a tsaye a haka. Aka ƙirga aka ga kwali ɗaya bai cika ba, direba na ta hon wai shi fa tafiya ce a gabansa, nace a ba ni minti biyu. Na shiga da sassarfa, takarda a hannu, hankalina yana kan lambar kwalin, na sha kwana na faɗa layin ƙarshe. Ban ga komai ba. Ba ina nufin na ga ƙarfen na yi sakaci ba, a'a, wallahi baƙi ne kawai a gabana ƙirin da wasu taurari masu yawo, sai ji na yi gau! Na tsinci kaina a zaune a ƙasa, kunnena na ƙara, wani ɗumi na gangarowa ta gefen hanci.

Maganar farko da ta fito daga bakin oganmu da aka kira shi, kafin ma sannu, ita ce: "Kai ma dai, ba ka da ido ne? Shekara nawa kana wucewa ta nan?" Kuma abun da ya fi ba ni haushi yanzu in na tuna shine haƙuri na ba shi. "Yi haƙuri oga, sauri nake." Ni da rotsi, ni da ba da haƙuri. Wani dattijo da muke aiki tare, Baba muke ce masa gaba ɗayanmu, shi ya danna min tsumma mai tsafta a wajen yace tsautsayi ne ɗana, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma fitilar nan ma ai tana da ranar da ya kamata a canza ta, ita kuma ta wuce tata ranar da makonni.

Abun da na lura da shi tun daga lokacin shine irin wannan raunin shi ne maraya a cikin raunukan wajen aiki. In kaya ya faɗo maka a ka, kowa zai tambaya wa ya jera shi haka. In motar ɗaga kaya ta buge ka, direban za a riƙe. Amma in kai ne ka je ka yi karo da ginshiƙi, ko bututu, ko bakin kanta, ko ƙofar da aka bari a rabin buɗe, to babu wanda za a nuna da yatsa sai kai, tunda abun bai motsa ba kai ka motsa. Masu haɗa alƙaluman hatsarin aiki a Ingila da Amurka ma gida biyu suka yi musu, gidan wanda abu ya zo ya buge shi daban, gidan wanda shi ya je ya bugi abun da ke kafe daban. Su dan lissafi suka raba, amma a bakin mutane rabon ya koma na laifi, na farko abun tausayi ne na biyu kuma wawa. Sai a bar jaki a yi ta dukan taiki, duhun na nan zaune ba wanda ya ce masa kanzil.

Kwana uku na yi a gida, goshi ya yi suntum, ba abun yi sai danna waya, to a nan na fara bin diddigin tambayar oga, wai ba ni da ido ne. Ashe amsar ita ce eh, a wannan daƙiƙar ba ni da shi, kuma ba wanda yake da shi. Ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido shi yake buɗewa yana tsukewa, daga wajen milimita 2 a cikin rana zuwa wajen 8 a cikin duhu in mutum matashi ne, wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi yake yi, amma duk iyakar ƙoƙarinsa hasken da zai ƙara shigarwa bai fi ninki 16 ba. Alhali tsakanin ranar da na baro a waje da lungun da na shiga bambancin ya kai ninki dubbai. Sauran aikin a can bayan ido ake yinsa, inda akwai ƙwayoyin gani iri biyu, na rana masu rarrabe launi da ƙananan abubuwa, da na dare waɗanda sun ninka na ranar kusan sau 20 a yawa amma ba su san launi ba. Su na daren da wani sinadari suke aiki, rodofsin, wanda haske mai ƙarfi yake ƙarar da shi sai jiki ya sake haɗa shi a hankali, kuma da bitamin A yake haɗawa, shi ya sa rashin bitamin A yake kawo dundumi. Na rana suna ɗan daidaitawa cikin minti 5 zuwa 10, na dare kuwa sai sun ci minti 20 zuwa 30 kafin su gama farkawa. Fita daga duhu zuwa haske ba ya ɗaukar wannan dogon lokacin, shiga ce matsalar.

To yanzu ku haɗa da ƙafa. Tafiyar mutum ta yau da kullum wajen mita 1.4 ce a daƙiƙa ɗaya, ni kuma da sassarfa nake. Daga bakin ƙofa zuwa ƙarfen nan ko rabin minti ban yi ba. Ido na neman mintoci, ƙafa ta riga ta kai ni. Ko da ace na fi kowa natsuwa a duniya ba abun da zan gani, sai dai in tsaya a bakin ƙofa kamar gunki ina jiran ido ya dawo, direba na hon, oga na kallo, wa zai yi wannan? Kuma wanda ya manyanta abun ya fi yi masa tsanani, masana harkar haske suna cewa hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 wajen kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa na ɗan shekara 20, ga jinkirin sabawa da duhu ya ƙaru, in akwai yanar ido kuma sai abun ya haɗu goma da ashirin. Masu gilashin nan da ke rikiɗa ya yi baƙi in an shiga rana su ma su sani, in ka shigo ciki ba nan take yake washewa ba, ka shiga duhu da duhunka kenan.

Wani abun kuma da ban taɓa kawowa a rai ba, launi. A ƙaramin haske ja shi ne yake fara ɓacewa, yana komawa kamar baƙi, don ƙwayoyin dare kusan ba sa jin ja. Kenan wanda ya shafa jan fenti a jikin bututu a lungu mai duhu yana ganin ya yi gargaɗi, bai yi komai ba. Shi ya sa ratsin rawaya da baƙi ake yi wa abun da ake gudun a yi karo da shi, don ko launin ya tafi, bambancin mai haske da mai duhu yana nan. Namu kuwa toka a kan toka ne, ko da fitila sai ka kula.

Sannan mutum in yana tafiya ƙasa yake kallo, haka aka halicce mu, tuntuɓe muke tsoro. In duhu ya yi sai kallon ƙasan ya ƙaru, kana laluben inda za ka sa ƙafa, in kana ɗauke da kwali kuma ya tare maka rabin gabanka. Abun da ke daidai goshi ko sama da shi ba ya cikin lissafi sam. Tocilar waya ma da muke taƙama da ita ƙasa muke haskawa da ita, ta cinye maka hannu ɗaya, ta yi ɗan da'irar haske a gaban takalminka, abun da ke wajen da'irar kuma ya ƙara baƙi.

Da na koma aiki na saukar da wata manhaja a waya mai auna haske, ba wai awonta daidai yake kamar na'urar ƙwararru ba amma tana nuna hanya. Ma'aunin sunansa luks. Rana tsaka in ta buɗe tana iya kaiwa luks 100,000, farin wata na daren sha huɗu kuwa ko luks 1 bai kai ba. Ƙa'idar Turai ta hasken wajen aiki, EN 12464-1, ta sa 500 ga teburin ofis inda ake rubutu da karatu, 100 ga hanyoyin wucewa, ɗakin ajiya ma 100, in kuwa mutane na yini a ciki 200. Hukumar OSHA, mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata a Amurka, a dokarta ta wuraren gine-gine ta sa mafi ƙaranci ga sito da hanyar wucewa abun da in ka juya shi zuwa luks zai ba ka wajen 54. Na je na tsaya a ƙarƙashin ƙarfena na ɗaga waya, lambar da ta nuna min ko yatsun hannu ɗaya ba ta cika ba. Na fita wajen lodi na sake ɗagawa, lambobi suka cika fuskar wayar. Na daɗe a tsaye ina kallon abun.

Kuma ba wai maganar sabuwa ba ce da za a ce ba a sani ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1964 a yarjejeniyarta mai lamba 120, wadda ta shafi shaguna da ofisoshi, ta rubuta cewa duk inda ma'aikata ke amfani da shi sai an samar masa isasshen haske da ya dace, kuma in da hali ya zama hasken rana. Ingila ta sa irin wannan a dokokin wajen aiki na 1992. A 2022 ƙungiyar ta ɗaga maganar lafiya da tsaro a wajen aiki ta shigar da ita cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. Duk dai a takarda haske haƙƙi ne ba alfarma ba, amma mu a wajenmu roƙo muke kamar masu neman bashi, oga a taimaka mana da ƙwan fitila mana.

Ni a ganina dalilin da ya sa duhu yake daɗewa a wajen aiki shine ba rana ɗaya yake zuwa ba, satar shigowa yake. Dogayen fitilun nan masu kama da sanda haskensu raguwa yake a hankali tun kafin su mutu, na LED ma da ake yabo ba kasafai suke mutuwa farat ɗaya ba, dusashewa suke, har masu ƙera su suna auna tsawon ransu ne da lokacin da hasken zai sauko zuwa kashi 70 cikin ɗari na asali. Ga ƙura da yanar gizo-gizo a jikin murfin, ga bango da ya yi dauɗa ya daina maido da haske, ga tagogin sama da ba a taɓa wankewa ba. Sai kuma babban, kaya. An saka fitilu lokacin da sito yake fayau ba komai, daga baya aka kawo kantoci aka jera yanda aka ga dama, fitila ta koma saman kanta maimakon saman hanya, aka tula kwalaye har suka kusa taɓa ta, to kwalin sama shi yake shan haske kai da ke ƙasa inuwa ce rabonka. Kuma haske in ka ninka nisanka da fitila sau biyu ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, don haka cewa ai ta layin can tana haskowa nan yaudarar kai ce kawai. Wanda kullum yake ciki ba zai lura ba, idonsa da ƙwaƙwalwarsa sun saba, da hadda yake tafiya ba da gani ba. Ranar da haddar ta kuskure da taku ɗaya, ko aka turo wani katakon ɗora kaya aka ajiye inda ba a saba ba, ranar ake jin gau.

Wani wajen kuma ba rashin fitila ba ne, fitilar ce ma matsalar. A kafa wata ƙatuwa mai ƙarfi a bakin ƙofa tana kallon fuskar mai shigowa, ta kashe maka ido, duk abun da ke bayanta ya zama baƙi. Ko irin masu kunna kansu in sun ji motsi, an saita su su mutu da wuri dan tsimin wuta, kana tsugune kana duba lamba a kantar ƙasa ba ka motsa ba sai ɗif, ka miƙe a firgice ƙeyarka ta haɗu da kantar sama. Ko makunni a can ƙarshen ɗaki, sai ka ratsa duhun kafin ka kai ga abun da zai kore shi, wannan kam ban san wane mai hikima ne yake tsara shi ba amma yana da almajirai da yawa. Tsofaffin manyan fitilun masana'antu kuma, irin masu ɗaukar lokaci kafin su kama, in wuta ta ɗan ƙyafta kawai sai sun huce na mintoci kafin su sake kamawa, janareto ya tashi amma ɗaki na nan dunɗum. Dan irin wannan ake saka fitilun gaggawa masu batir, a ƙa'idar Turai luks 1 kacal ake nema a kan hanyar fita, ɗan kaɗan ne amma ya ishe ka ka ga ginshiƙi kafin ya gan ka. Sai dai batirin nasu in ba a gwadawa, ranar da ake buƙatarsu ranar ake gane sun daɗe da rasuwa.

Abun da ya fi tsaya min a rai ba duk wannan ba ne. Da na dawo da filasta a goshi sai mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna min jaje, kuma kusan kowa da ƙarin bayani. Wannan yace ai ni ma ya taɓa samuna amma a hula ya tsaya. Wancan ya ɗaga hula ya nuna min ƙullutu. Wani yace shi kafaɗa ce. Mai shara tace ita tsintsiya take ɗagawa sama tana tafe, in ta ji ƙwas to ta iso. Baba kansa yace sau biyu, na biyun har sai da ya zauna ya huta. Nace Baba to me ya hana ku faɗa? Yace in faɗa ince me ɗana, ince na buga kaina da ƙarfen da ke tsaye? Ai sai a ce tsufa ya zo a sallame ni. Kun ji fa. Kunya da tsoro su suka rufe bakin kowa, littafin rahoton hatsari na nan a ofis fari tas, wanda ya duba shi zai rantse layin ƙarshe ya fi ko'ina lafiya.

Akwai wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin inshora, Herbert Heinrich, da ya fitar da wani lissafi a 1931, wai a bayan kowane babban rauni ɗaya akwai ƙanana 29 da kuma 300 da aka tsallake rijiya da baya ba a ji ciwo ba. Masana na baya sun soki lambobin sosai kuma ni ma ba zan rantse a kansu ba, amma a ɗan layinmu dai na ga ƙasan lissafin, inda masu yawan suke, da idona, mutane ne masu ƙullutu da suka yi shiru har aka zo kaina.

Wani zai ce to ina hular kwano? Gaskiya ne da tana kaina da ɗinkin bai kai biyar ba, ƙila ma babu. Amma a sito irin namu ba a ba mu ba, tunda a lissafinsu ba abun da ke faɗowa daga sama. Ashe akwai wata 'yar ƙaramar hula da aka yi musamman dan wannan, kamar hular hana-sallah take amma da roba mai tauri a ciki, a Turai lambar ƙa'idarta EN 812, aikinta kenan kare kai daga karo da abun da ke kafe, masu gyaran ƙarƙashin mota da jirgin sama da masu shiga tsakanin bututai suna sakawa. Ba ta maye gurbin hular kwano ta gaske inda kaya ke iya faɗowa, wannan a kiyaye. Kuma duk hula mai baki tana ƙara tare maka ganin sama, masu aikin gini sun san yanda ake yawan ƙuma hular a jikin ƙarafan da aka kafa. Ni dai ra'ayina hula ta zo a ƙarshe. A fara da cire ƙarfen ko ɗaga shi in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a haska shi, a yi masa ratsi, a naɗe shi da soso, sannan a zo maganar abun da za a ɗora wa mutum a ka. Hula kuma ba ta kare ƙwauri, wanda duk ya taɓa haɗa ƙwaurinsa da bakin ƙarfe a duhu ya san wajen ba tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi, kuma ciwon wajen ga naci wajen warkewa.

Bari in ɗan tsaya a kan maganar asibiti don a nan ne na san abun ba na wasa ba ne. Ni jinin ne ya tsorata ni, amma ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke ni tace fatar kai da goshi haka suke, jijiyoyin jini sun yi yawa a wajen, ƙaramin yanka sai ya yi kamar an yanka rago, ba shi ne abun tsoro ba. Tambayoyi ta yi ta jero min, ka suma? ka tuna abun da ya faru kafin da bayan? ka yi amai? kana shan maganin tsinka jini? yaushe rabonka da allurar tetanus? Nace Sista ai ƙarfe ne kawai, tace Malam ƙwaƙwalwa ba ta san ko ƙarfen ne ya zo ko kai ka je ba. Ta ce a sa min ido kwana ɗaya zuwa biyu, in ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai ya maimaitu, ko barci mai nauyi da ba a iya tashina, ko magana ta fara harɗewa, ko wani ɓari na jiki ya saki, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, to a dawo da ni a guje ko tsakar dare ne. Daga baya na karanta dalilin, akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum zai tashi garau ya yi ta hira har ya koma bakin aiki, bayan wasu awanni ya faɗi, musamman in bugun a gefen kai ne wajen saitin kunne da ido inda ƙashin ba shi da kauri kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Na tuna Baba da yace ya zauna ya huta ya ci gaba da aiki, jikina ya yi sanyi. Sau nawa ake ce wa mutum wanke fuskarka ka koma, ai ba komai?

Na cike fom ɗin rahoto, a gurbin da aka ce a rubuta musabbabi oga ya so in sa rashin kula, nace a'a yallaɓai, na rubuta fitilar layin ƙarshe ba ta aiki, ƙarfe a tsayin kai, babu alama. Ya kalle ni ya kalli takardar, bai ji daɗi ba amma ya sa hannu. Ban ce mugu ba ne, shi ma akwai na sama da shi da ke tambayarsa lissafin kowane abu, kuma rahoton da yace ma'aikaci ne bai kula ba a nan yake mutuwa ba ya jawo wa kowa aiki, wanda yace fitila kuwa sai an tashi wani.

Bayan kwana biyu aka turo mai gyaran wuta da tsani. Baba ya samo ragowar fenti ya yi wa ƙarfen ratsin rawaya da baƙi da hannunsa, layukan a karkace amma ana gani, wani ya yanko tsohon soso ya ɗaure da waya. Mai wutar ya hau ya duba yace ƙwan ne kawai, a miƙo masa sabo, aka tsaya ana kallon-kallo, aka je ofis aka duba littafin kaya aka ga ai akwai kwali guda na sababbi da aka saya tun bara. Ni aka aika in ɗauko tunda ni na san lambobin kantoci. Yana layin ƙarshe, kanta ta biyu daga ƙasa, taku uku bayan ƙarfen. Da tocilar waya na nemo shi.